Sitiyari na karkarwa in na taka birki, sabon faifai zan saya ko akwai wani abu?

Mai_Akori94:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin mota ina neman shawararku kafin na sake zubar da kuɗi a banza. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar 1994, gabanta faifan birki ne wanda wasu ke cewa diski, bayan kuma duram. Motar ta sha wuya kam, ta haura kilomita 300,000 amma inji lafiya lau, ba ta shan mai ba ta hayaƙi, shi ya sa ba na son rabuwa da ita.

Matsalar ita ce in ina gudu kamar 80 zuwa 90 na taka birki sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓi, feda kuma ta riƙa bugun tafin ƙafata a hankali tuf tuf tuf, in na sassauta ƙafa shikenan ya daina. In a hankali nake tafiya ba na jin komai. Wata bakwai da suka wuce na kai gyara aka ce faifan ne ya lanƙwashe, aka kai shi inji aka shafe fuskarsa, aka saka sabon fad (abin da ke matse faifan in an taka birki), wallahi na ji daɗin motar kamar sabuwa, wata uku kacal sai ga abin ya dawo, yanzu ma ya fi na da.

Jiya na kwance taya na leƙa da kaina. Na dama ba laifi, amma na hagu ya yi wani launi shuɗi shuɗi a tsakiya, ga wani ɗan tudu da ya taso a bakinsa in ka shafa da farce sai ka ji ya kama. To tambayoyina su ne, tunda na hagu ne ya lalace zan iya canza shi kaɗai in bar na dama? Sannan na ga iri iri ne, akwai mai sumul, akwai mai huda huda, akwai mai tsaga tsaga, akwai mai fenti baƙi ko ruwan toka, wanne ya dace da motar da ke ɗaukar kaya? Fad ɗin kuma ta waje da nake hangowa har yanzu da sauran nama sosai, dole ne shi ma in canza? Kuma aikin nan ina iya yi da kaina ko sai gwani, don ina ɗan taɓa sufana, ni nake juyen mai da canza filogi da makamantansu. Nagode.

Ɗan_Totur:

Wa'alaikumussalam. Oga kar ka wahalar da kanka, ka ɗauki mai huda huda ɗin nan kawai. Shi ake sawa a wasu motoci masu gudu sosai, ramukan suna fitar da zafi, ba zai ƙara lanƙwashewa ba. Ni shi na saka a ƙaramar motata shekara biyu kenan ko gezau, ga shi in aka hango shi ta cikin wili sai ka ga motar ta yi kyau. Fad kuma tunda da saura ka barshi mana, me za ka yi da sabo.

BabanGareji:

Ɗan Totur ka yi haƙuri ɗana, taka motar ba ta ɗaukar buhu talatin a baya, bari mu yi maganar a-kori-kura.

Malam Mai Akori, kafin mu je ga wanne za ka saya, ni abin da ya ja hankalina a bayaninka shi ne shuɗin nan na ɓangaren hagu da kuma yadda abin ya dawo bayan wata uku. Faifai ƙarfen zubi ne, ba ya yin shuɗi haka kawai sai ya ci wuta sosai, kuma in da gudu ne ko gangara ta jawo zafin ai da duka biyun za su yi tare. Tunda ɗaya ne, akwai abin da ke riƙe birkin a can ko da ka ɗaga ƙafa. Wancan gyaran da aka maka an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. In ka sa sabon faifai yau ba ka gano mai riƙewar ba, zuwa wata uku ko huɗu za ka dawo nan da irin wannan tambayar.

Maganar lanƙwashewa ma, mu makanikai mun saba faɗa ne don sauƙin bayani, amma yawanci ba lanƙwasa ba ce irin ta murfin tukunya. Kaurin faifan ne yake bambanta, wani wuri ya ɗan fi wani. Ko dai faifan yana juyawa da ɗan karkata yana gogar fad a wuri ɗaya duk zagaye har wurin ya cinye, ko kuma fad ya yi zafi ya bar namansa manne a wani ɓangare. Bambancin da ake magana bai kai kaurin gashin kai ba, 0.02 na milimita ma ya isa ka ji shi a ƙafa, ido ba zai gani ba. Duk sanda wurin mai kauri ya zo tsakanin fad sai ya tura fistin da ke danna fad ɗin baya, man birki ya tura feda, shi ne tuf tuf ɗin da kake ji.

Ga abin da za ka yi tun kafin ka sayi komai. Ka yi tafiyar kamar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kusanta bayan hannunka ga wilin hagu da na dama, kusantawa na ce ba taɓawa ba, kada ka ƙone. In na hagu na huci na dama na sanyi ka samu amsa. Daga nan ka ɗaga gaban, ka taka birki ka saki, ka juya tayar da hannu. In ta yi nauyi to ko fin ɗin da kalifa (ƙarfen da ke riƙe fad yana matse faifai) ke zamewa a kai ya bushe ya yi tsatsa, ko fistin ya maƙale, ko kuma tiyon roba na man birki ya ruɓe ta ciki. Wannan na ukun mutane da yawa ba sa kawo shi a rai, tiyon da ya shekara talatin ta waje za ka ga lafiya amma ta ciki ya kumbura, mai ya wuce in ka taka amma ya ƙi komawa. Yadda ake gane shi, in tayar ta riƙe sai ka ɗan sassauta nonon cire iska na kalifa, in mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take to tiyo ne, in ba ta saki ba kalifa ce.

Tun da tayar na sama, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, boris ɗin da taya ke juyawa a kai ne ya saki ko bol jon, wato gaɓar ƙafar mota, kuma boris mai wasa shi kansa yana sa faifai ya riƙa lilo.

Sannan ka auna. A jikin kowane faifai akwai rubutu, a gefen baki ko a ƙoƙon tsakiya, an rubuta MIN TH da lamba, wato iyakar sirantar da aka yarda ya kai. Ka kankare tsatsa za ka gani. Da maikromita, abin auna kauri, ake aunawa, ka shiga ciki kamar milimita 10 daga baki don ka tsallake wannan tudun da farcenka ke kamawa, ka auna wuri takwas a zagaye. In ka sa abin awo mai baki miƙaƙƙe tudun zai kama ya ba ka lambar ƙarya. Naka da aka riga aka shafe sau ɗaya ina zargin ya kai iyaka ko ya wuce, kuma faifai in ya sirance ba ya iya haɗiye zafi, shi ya sa wanda aka shafe ke saurin dawowa da ciwonsa.

Canza ɗaya kuwa a'a. Biyu ake yi tare, hagu da dama, in ba haka ba kamun zai bambanta motar ta riƙa fizga gefe ranar da ka taka da ƙarfi. Fad ma sabo. Tsohon ya riga ya ɗauki zanen tsohon faifai, kuma na hagun ya gasu, zai lalata maka sabon ne kawai. Kai ma na waje ka hango, ka ciro na cikin ka gani tukuna.

Ba ka faɗa mana ba, motar mai jan baya ce kaɗai ko mai jan taya huɗu? Don aikin ya bambanta sosai. Akwai wadda faifan ke zarewa kamar hula da zarar ka cire kalifa. Tsofaffin Hilux masu jan huɗu kuwa faifan a bayan hob yake, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, sai ka kwance makullin hob da babban noti mai lamba 54 ka ciro boris kafin ka kai gare shi. Su kuma irin Ford F-150 da Chevrolet C1500 masu jan baya na shekarun 1990, faifan da hob ɗin abu ɗaya ne a haɗe, boris na zaune a cikinsa.

Mai_Akori94:

Baba Allah ya saka da alheri, ka buɗe min ido. Mai jan baya ce, kuma na duba, irin haɗaɗɗen nan ne, akwai ɗan murfin ƙarfe a tsakiya da na ɓalle na ga noti da fin da giris ya yi baƙi ƙirin. Na yi gwajin zafin da yamman nan, wallahi wilin hagu kamar an sauke shi daga kan wuta, har da wani ƙauri ƙauri, na dama kuwa ɗumi kawai. Abin haushin ma na tuna kwanakin nan motar na ɗan ja hagu ko ban taka birki ba, ni ina ta zargin iskar taya. Yanzu sai maganar wanne zan saya, don gaskiya maganar Ɗan Totur ta ɗan shiga raina, mai hudan nan yana da kyau a ido.

Direban_Tudu:

Ɗan'uwa bari in ba ka nawa tunda irin aikinmu ɗaya, kaya nake ɗauka kuma hanyata gangara ce doguwa. Na taɓa sa mai huda ɗin, shi ma kyan ne ya ja ni. Bai cika shekara ba wata rana ina wanke wili na ga wasu siraran layuka suna fitowa daga bakin ramukan kamar tsagewar ƙasa da rani, ɗaya har ya kusa haɗe rami biyu. Jikina ya yi sanyi don da ya ƙarasa ɓallewa ina kan gangara da lodi ban san me zan ce ba. Kowane rami wurin rauni ne, ƙarfen yana zafi ya buɗe ya huce ya tsuke, daga bakin ramin tsagewa ke farawa. Ga taɓo da yashi da ke cika ramukan in kana shiga hanyar da ba kwalta. Mai tsaga tsagan ya fi shi juriya, yana share ƙura da ruwa daga fuskar fad, amma yana cin fad kamar me kuma yana ɗan gurnani in ka taka. Ni dai na koma mai sumul, irin wanda motar ta zo da shi, hankalina kwance.

Abin da zan ce ka kula da shi wajen saye, ka ɗauki sabon da tsohon ka ji nauyinsu a hannu. Faifan gaba ai biyu ne a manne da ramin iska a tsakiya, to wasu masu arahar sai su faɗaɗa ramin iskan su sirantar da bangon biyu, in ka auna ta waje kaurin daidai amma ƙarfen ya ragu. In ka ji sabon ya fi tsohon da ya cinye rashin nauyi ka ajiye musu kayansu. Mai fentin kuma ba ƙarin kamu yake ba, tsatsa kawai yake hanawa a ƙoƙo da cikin ramukan iska, in motarka na yawan kwana a damshi ko tana daɗewa a ajiye yana da amfani.

Wani abu kuma da ba wanda ya taɓo, ka duba na bayan. A tsofaffin motocin nan in shu ɗin duram, wato abin da ke kama duram ta ciki, ya yi nisa ba a saita ba, gaba ne ke ɗaukar aikin duka, dama can shi ke yin mafi yawa, sai ka ƙara masa na baya. Wasu kuma suna da wani bawul a baya da ke haɗe da aksul da ɗan sanda, in lodi ya danne motar sai ya ƙara wa baya ƙarfin birki, in ya maƙale da tsatsa kana ɗauke da kaya amma bayan na kama kamar motar ba komai. In hambirkinka sai ka ja shi har ƙarshe kafin ya riƙe to alama ce. Kuma a gangara ka sa giya ta biyu inji ya riƙe maka, kada ka ɗora ƙafa a kan feda tun daga sama har ƙasa.

Ɗan_Totur:

Toh na sallama, manya sun yi magana 😂 amma dai nawa bai tsage ba har yanzu.

BabanGareji:

Naka ba zai tsage da wuri ba ɗana, kai kaɗai kake ɗauka da jakarka.

Malam Mai Akori, Direban Tudu ya gama maganar zaɓi, mai sumul mai nauyi. Ka je da lambar casis, ko ma ka ɗauki tsohon ka tafi da shi a jera su, faɗi, tsayi, yawan ƙusoshin taya, in motar na da ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) a gaba ka tabbatar akwai zoben haƙoran nan a baya. Mota ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da faifai iri biyu.

Za ka iya da kanka in kana da natsuwa. Kada ka amince da jak kaɗai, ka sa turke a ƙarƙashin casis ka tokare tayoyin baya. Kalifa in ka cire ka rataye ta da waya, kada ka barta tana lilo a jikin tiyo. Tunda naka haɗaɗɗe ne ka sayi boris sabo ciki da waje, da oyil sil, da sabon fin na noti, kada ka miƙar da tsohon fin ka mayar. Yawanci sabon faifan yana zuwa da zoben boris a dasa a ciki, to tsohon boris a kan sabon zobe ba sa shiri. Giris na boris mai jure zafi za ka sa, ka zuba a tafin hannu ka riƙa danna boris ɗin a kai har ka ga ya ɓullo ta ɗaya gefen, shafawa ta sama ba ta isa ba.

Ɗaurin notin nan shi ne inda gizo ke saƙar. Kana juya faifan da hannu kana ɗaurewa har boris ya zauna, sai ka sassauta, sai ka sake matsawa da ɗan ƙarfin yatsu kawai, ka sa fin. In ka ɗaure shi tamau kamar notin taya boris zai ƙone a hanya, in ka bar shi sakwa sakwa kuma lilon ya dawo. Littafin motar na da lambar ɗaurin, ka nema. In kana iya aron agogon awo ka ɗora a fuskar faifan ka juya, motoci da yawa ba sa son lilon ya wuce 0.05 na milimita, tsofaffin a-kori-kura suna ɗan ɗaga ƙafa zuwa wajen 0.1.

Sabon faifai mara fenti yana zuwa da wani mai mai danƙo don kada ya yi tsatsa a kwali, ka wanke shi tas da abin wanke birki gaba da baya, kuma kada hannunka mai giris ya taɓa fuskar. Fin ɗin kalifa a goge a sa masa giris na birki, ba na boris ba, don na boris yana kumbura roba. Man birkin ma tunda ya sha wannan zafin ka juye shi gaba ɗaya. Yana shan ruwa daga iska, man birki nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140, in ya tafasa kuma feda ta tafi ƙasa ba kamu. Ka duba murfin kofin ka sa abin da aka rubuta, DOT 4 na shiga a madadin 3, amma DOT 5 daban ne kada ka haɗa.

Notin taya a ɗaure shi tsallake tsallake, wannan sai na gabansa, da sufana mai awo, ba a sa bindigar iska a murɗe ɗaya har ƙarshe ba. Kafin ka motsa motar ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri, na ga wanda ya manta ya shiga bangon gareji da baya. Sannan ka nemi hanyar da ba mutane, ka kai 60 ka taka da matsakaicin ƙarfi ka sauko 10, ba tsayawa cak ba, ka sake, kamar sau takwas zuwa goma, sai ka yi ta tafiya wasu mintuna ya huce. Kada ka tsaya ka danne feda alhali yana da zafi, hoton fad zai fito a jikin faifan.

Mai_Akori94:

Jama'a na dawo da rahoto. Baba kamar kana wurin. Fin ɗin kalifa na ƙasa a hagu ya maƙale, robarsa ta yage ruwa ya shiga, sai da na sa mai na bar shi ya kwana sannan ya fito da guduma, ja wur da tsatsa. Fad ɗin da nake cewa da saura, na wajen ne kawai, na cikin ya cinye a karkace gefe ɗaya saura kaɗan ya kai ƙarfe. Na aro maikromita, an rubuta milimita 24 a jikin faifan, na hagu ya ba ni 23.6 na dama 24.3, kenan tun wancan shafewar aka kai shi bakin iyaka ba wanda ya auna.

Na sa mai sumul biyu, sabon fad, boris, sil, fin, har tiyon gaba biyu na canza tunda na riga na buɗe, na juye mai, wanda ya fito kamar ruwan kwata. Notin boris ɗin sai da na yi sau uku kafin hannuna ya gane. Na yi gwajin 60 zuwa 10 ɗin, yau kwana tara sitiyari shiru, wili biyun ɗuminsu ɗaya.

Saura bayan. Direban Tudu ka yi gaskiya hambirki sai ya kai ƙarshe yake riƙewa, na so in buɗe duram ɗin jiya ya ƙi fita ko motsi, na buga na buga har na ji tsoron kada in fasa. Akwai wasu ƙananan ramuka biyu masu zare a fuskarsa, na mene ne, ko nan ake sa noti a turo shi?